Ranar da Aka Tambayi Inna Ɗanta

Ƙwas, ƙwas. Ƙarar ludayi ce a jikin rumbun laka, 'yar ƙarama, ko kazar da ke kwance a gindin rumbun ba ta ɗaga kai ba. 'Yar farina ce, lokacin ba ta wuce shekara biyar ba. Ta tsuguna da ludayin furarta tana ƙwanƙwasawa, sai ta kara kunne tana jira a amsa mata daga ciki, kamar yadda ake amsa mata tun safe. Ubanta ne a cikin rumbun. Gardi biyu kuma, sojan Nasaran da ake ce wa kumandan, masu jar hula, suna tsaye a tsakar gidanmu. Har sun gama leƙa ɗakuna, sun sha ruwa, sun juya za su fita.

Bari in faɗi abin da ya sa magidanci mai gemu ya shiga rumbu da rana tsaka cikin zafin bazara.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Faranshi, kudu da Dogo-Dogo. In mutum ya hau tudun gonarmu yana hango kukokin ƙasar Ingilishi. Kafin shekarar nan iyaka ba ta taɓa damunmu ba. Mace takan je suna can da hantsi ta dawo kafin la'asar, shanunmu kuma ba su san akwai wani abu wai shi iyaka ba. Sai Nasaran Faranshi da na Ingilishi suka ɓata a can ƙasarsu, kan wani yaƙi da ba mu san kansa ba, doka ta sauko daga Magaria. Mai shela ya bi kasuwanni yana faɗa: an rufe iyaka. Duk mutumin Ingilishi da ke zaune a wannan gefe, ko dai ya nuna takardar izinin zama mai hannun kumandan, ko ya tattara ya koma. Wanda aka kama babu takarda, bulala ce, sannan a jefa shi can. Waɗanda suka tafi Magaria neman takardar da ƙafarsu, ba mu ga sun dawo da ita ba. Wasu ma ba mu ga sun dawo ba.

Maigidana a gidan nan aka haife shi. Cibiyarsa tana binne a bayan ɗakin uwarsa, wadda kowa a gidan yake kira Inna. Amma ɗan fari ne, shi ya sa da aka yaye shi aka kai shi wurin kakanninsa na wajen uwa, kamar yadda ake yi, su kuwa garinsu yana hayin can. A can ya yi wayo, a can ya yi karatun allo, a can gemu ya fito masa. Sai da mahaifinsa ya rasu ya dawo ya riƙe gona da 'yan shanun gidan, aka ɗaura mana aure. Da aka zo ƙidayar mutane maigari bai sa shi ba, don a rage wa gida nauyin lanho, harajin Nasara, a kuma tsare shi daga aikin dole. Kowane gari ana yin haka. Abokan wasansa kuma, saboda yadda yake karya hula da wasu kalmomi da ya taho da su, suka laƙa masa ɗan Ingilishi. A bakin rijiya za ka ji ana ce masa, "Kai ɗan Ingilishi, ja gugarka ka ba 'yan ƙasa wuri!" shi kuma ya ce, "Ku da ƙasar taku ba ta da ko ashana." A yi dariya a watse. Wasa ne, amma wasan ya kai kunnen bariki.

Inna jinin Filani ce ta wajen uwa, kunyarta kuwa ko cikin tsofaffin garin ana misali da ita. Tunda na shiga gidan ban taɓa jin ta kama sunan maigidana ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya yi sallama ya shigo, sai ta sami abin gyarawa a murhu. In tana da magana da shi, yana zaune nan kusa, ni take gaya wa: "Ki ce wa mutumin naki jar saniya tana ɗingishi." Shi ma ya dube ni ya ce, "Ki ce mata na gani." Amma in ta dama fura, wadda ta fi kauri da mai takan ɗora ta a kan katanga ta rufe da faifai kamar mantuwa ta yi, kuma duk gidan mun san ta wane ne. Ni ma da na haihu haka na bi. Ina yaye yarinyar na miƙa wa Inna. A ɗakinta take kwana, ita take kira Inna, ni kuwa Yaya take ce mini. In zan kira ta sai in ce, "Ke, zo nan." Ban ga laifi a ciki ba. Haka aka yi mini, haka aka yi wa uwata.

Da safiyar ranar wani mai jaki ya kawo labari cewa gardi suna bin ƙauyuka. Inna ce ta ce mini, "Ki ce masa ya shiga rumbu, ai ya kusa ƙarewa, akwai wuri." Ya ƙi. Ya ce shi ba ɓarawo ba ne da zai ɓoye a gidan ubansa. Inna ta juya masa baya ta ce wa bango, "Wanda bai ji maganar uwa ba, to, Allah ya shirya." Ya ɗauki butarsa da carbi ya hau, muka mayar da jinka muka rufe. Yarinyar ta ɗauka sabon wasa aka kawo mata. Ta ƙwanƙwasa, shi kuma don kada ta yi kuka ya ƙwanƙwasa mata daga ciki.

Babban gardin ya tsaya da ya ji ƙarar. Wani dogo ne daga ƙasashen yamma masu nisa, tsagar fuskarsa ba irin tamu ba, Hausarsa a karye. Ya nuna rumbun da bakin bindiga.

"Wane ciki?"

Inna ta ce, "Ɓera ne, ranka ya daɗe. Sun dame mu bana."

Yarinyar ta ƙyalƙyale da dariya. Ta ce, "Kai Inna, ba ɓera ba ne. Baba ne!"

Ƙaramin gardin ya taka dutsen hawa ya bangaje jinkar ta faɗi. Bai leƙa ba, gindin bindiga ya zura ya yi ta lugude a ciki kamar mai sussuka. Na ji maigidana ya ce, "Ya isa, gani nan, ya isa." Da ya ɗago kai suka kama wuyan rigarsa suka fizgo shi daga can sama. Ya faɗo kan kafaɗarsa. Ƙaiƙayi ya manne masa a jiki da gumi, girarsa ta fashe, jini yana shiga masa ido. Suka sa takalmi. Duk inda ya kare da hannu sai su nemi wani wuri, ciki, haƙarƙari, bayan wuya. Babban yana dukan yana cewa, "Ɓera Ingilishi, ɓera mai gemu." Na durƙusa ina ba su haƙuri da sunan Allah da Annabi, ƙaramin ya tankaɗe ni da gwiwa na faɗa kan turmi. Suka kwance igiyar jakinmu suka ɗaure masa hannuwa ta baya, suka zarga ragowar a wuyansa. Da za su fita suka kama zakara biyu. Maƙwabta suna tsaye a bakin ƙofofinsu, babu wanda ya yi tari.

Aka ce Dungass za a kai shi da sauran waɗanda aka kama, kumandan yana can rangadi. Muka ara igiya, muka ɗora Inna da yarinyar a kan jaki, ni da maigari a ƙasa. Muna bin sawunsu daga nesa, ina ganin ɗigon jini a kan yashi nan da can, har ya daina. Muka sauka a gidan wata 'yar'uwar Inna. Ban ci komai ba. Na yi alwala na yi ta salati ina roƙon Allah ya sanyaya zuciyar Nasaran nan.

Washegari ranar kasuwa ce. Aka kafa wa kumandan tebur a gindin wata babbar tsamiya, jama'a suka kewaye, maza a gaba, mu mata a can gefe. Shi ne Nasara na farko da na gani kusa tun da na bar lakwal. Na ɗan yi makarantar boko a Magaria kafin aure, lokacin da aka tilasta wa kowane gari ya ba da yara, don haka in ana Faransanci ina tsintar abin da ake faɗa. Saurayi ne, wuyansa ya yi ja da ƙurajen zafi, yana ta sosa su da bayan alƙalami. A gefensa tafinta yana tsaye cikin farar riga, Bahaushe ne ɗan birni. A ƙasa kuma ga waɗanda aka kamo zaune cikin rana, igiya ɗaya ta haɗa su.

Aka fara da wani marini. Shi bai musa ba, ya ce daga kudu ya zo, amma ya daɗe a nan har hannuwansa sun rine rigunan rabin kasuwar. Ba shi da takarda. Aka kwantar da shi rubda ciki aka yi masa bulalar dorina. Ban iya kallo ba, na kalli ƙasa, amma kunne ba shi da murfi. Bayansa aka kira maigidana.

Tafinta ya ɗaga murya ya ce, "Kumandan ya ce wanda aka haifa a ƙasar Faranshi ɗan ƙasa ne, ba ya bukatar takarda. Amma sai an shaide shi. Maigari, taso. Wannan na garinka ne ko baƙo ne?"

Maigari ya durƙusa ya cire takalmi. In ya ce na garin ne, za a tambaye shi me ya sa ba ya cikin ƙidaya, wannan kuwa rawaninsa ne da bayansa. Ya yi gyaran murya ya ce, "To, ranka ya daɗe, gaskiya daga kudu ya zo mana, amma asalinsa..."

Tafinta bai jira sauran ba, ya juya rabin farko zuwa Faransanci. Kumandan ya gyaɗa kai.

Maigidana ya ɗago. Idonsa ɗaya ya kumbura ya rufe. Ya ce, "A nan aka haife ni. Wadda ta haife ni ga ta can zaune cikin mata."

Kumandan ya ji daɗin wannan, na gani a fuskarsa. Ga hanya mai sauƙi ta samu. Ya ce a kawo tsohuwar. Inna ta tashi da ƙyar, ta ratsa ta cikin maza, ita da ba ta taɓa tsayawa gaban taron maza ba tunda take. Aka tsayar da ita daf da maigidana, har gefen zanenta yana taɓa igiyar.

Tafinta ya ce, "Iya, kumandan ya ce ki dubi mutumin nan. Ɗanki ne? Ke kika haife shi?"

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta juya kai can gefe guda, ta sunkuya.

Sai na ji taron ya sauke numfashi. Wata mata a bayana ta ce, "Ai shi ke nan, ɗan fari ne, dubi yadda ta kau da kai." Wani tsoho cikin maza ya yi murmushi ya ce, "Nata ne wallahi." Ni kaina na ce alhamdu lillahi a fili. A wurinmu babu shaidar da ta fi wannan. Da ɗan wani ne, da ta dube shi sarai ta ce ɗan wane ne, jikan wane. Namiji ɗaya ne a duniya da mace za ta kasa kallo haka, kuma duk wanda ke gindin tsamiyar nan ya san wane ne, ban da mutum ɗaya, wanda ke kan kujera.

Na ji abin da kumandan ya ce, na kuma fahimce shi sarai: ko kallonsa ba ta yi ba, ba ta san shi ba. Tafinta, Allah ya saka masa da wannan, ya sunkuya ya fara yi masa bayani, na ji ya ambaci al'ada. Kumandan ya kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda. Ya ce tun safe al'ada yake ji, shi i ko a'a yake so, daga bakinta.

Tafinta ya matso kusa da Inna ya rage murya. "Iya, don Allah ajiye kunyar nan. Buɗe baki ki ce i, kowa ya huta."

Daga cikin mayafi Inna ta ce, "Haba ɗan nan, a gaban mutane? Ai kowa ya gani."

"Shi bai gani ba!"

"To kai da ka gani, gaya masa mana. Ba aikinka ke nan ba?"

"Bakinki yake so, ba nawa ba. Iya, wallahi ba wasa ake ba."

Na dubi Inna. Na ga yatsunta suna murza gefen mayafin. Na san tana ƙoƙari, na ga haɓarta tana motsi. Can ta ce, "Yaron gidanmu ne. A tambayi mutanen gari."

Iyakar abin da ta iya ke nan, kuma a wurinta ta yi nisa ƙwarai. Tafinta ya juya maganar yadda take. Maigidana bai roƙe ta ba. Shi ma kansa a sunkuye yake, kunyar da ke kanta tana kansa. Abin da ya ce kawai, a hankali, shi ne, "Inna." Kumandan ya ɗaga yatsa.

Suka yaga masa riga daga wuya har ƙugu. Gardi ɗaya ya taka masa ƙafafu, ɗaya ya danne kansa cikin yashi, dogon nan ya tofa yawu a tafin hannu ya gyara riƙon dorina. Ta farko ta bar farin layi a bayansa, layin ya tsaya fari na ɗan lokaci kafin ya cika da jini. Ta biyu ta sauka kan ta farko. Maigidana yana kalmar shahada, yashi yana shiga masa baki. Dogon ba ya gaggawa. Yakan jira numfashin mutum ya dawo sannan ya sake saukewa. Fata ta fara tashi tana bin dorinar, jini yana fantsama har kan ƙafar tebur.

A nan Inna ta yaye mayafi. Ta dube shi. Wannan ne kallon farko da na ga ta yi masa, bayansa kuwa ta gani, ba fuskarsa ba. Ta kurma ihu ta kira sunansa, sunan yanka, cikakke. Muryar ta fito kamar ba tata ba.

"Ɗana ne! Ni na haife shi! Wayyo Allah, ɗana ne, ku bari!"

Ta faɗa kansa ta rufe shi da jikinta. Dorina ɗaya ta same ta a wuya. Gardin da ke riƙe da kai ya tashi ya ɗauki bindiga ya kai mata duka da gindin bindigar, ta kare da hannu. Na ji ƙarar daga inda nake, kamar an taka busasshen kara. Hannun ya lanƙwashe a inda babu gaɓa. Suka ja ta da ƙafa suka yar gefe, tana jan ciki tana komawa, suna sake janye ta.

Ban san lokacin da na ratsa maza ba. Na tsinci kaina a gaban tebur ina magana da Faransancin da na yi shekaru ban taɓa ba, kalmomin suna tuntuɓe. Na ce uwarsa ce, na ce ɗan fari ne, na ce mu ba ma kama sunan ɗan fari. Kumandan ya dube ni da mamaki, kamar akuya ce ta yi magana. Na yi zaton zai saurara. Sai mari ya zo mini ta baya, ya same ni a kunne, duniya ta juya, na faɗi. Kunnen yana ƙara, bakina ya cika da gishirin jini. Ina kwance na ji wani abu ya riƙe mini zane gam. Yarinyar ce. Ta biyo ni har tsakiyar fili. Ba ta kuka, idonta a buɗe yake ƙwal, tana kallon komai.

Kumandan ya yi magana, tafinta ya tsaya bai juya maganar ba, sai da aka daka masa tsawa. Ya juya ta yana kallon ƙasa. "Ya ce yanzu kowace tsohuwa mai tausayi za ta ce nata ne. Ya ce uwar da ba ta gane ɗanta sai ta ga jininsa, ba uwa ba ce." Aka ƙarasa bulalar. Kumandan ya tashi ya tafi cin abinci.

Da rana ta ɗan yi sanyi aka tasa su gaba zuwa iyaka, a ƙafa, da igiyarsu. Hanyar ta bi ta kusa da garinmu. Muka ɗaure hannun Inna da ɗankwalina muka aza ta kan jaki, muka bi su. Ƙudaje sun rufe bayan maigidana baƙi ƙirin. In ya faɗi sai igiyar ta fizgi wuyan marinin, marinin ya faɗi shi ma, a tashe su da takalmi. A wani ƙauye wata mata ta fito da ƙwaryar ruwa, ƙaramin gardin ya karɓa ya sha ya watsa musu sauran a baya. Ban sani ba ko mugunta ce ko tausayi. Na lura ƙafafunsa shi ma duk sun fashe cikin takalmin, yaro ne, bai fi ƙanena ba. Na daɗe ina neman in tsane shi, Allah bai ba ni iko sosai ba.

Iyakar ba komai ba ce, tarin duwatsu ne a gindin wata kuka, wurin da muke hutawa in za mu biki. Can gaba mutanen hayin sun taru a inuwa, labari ya riga ya kai musu, amma babu mai iya matsowa. Aka kwance igiya. Dogon ya ɗaga bindiga ya nuna wa kowannensu bakinta, ya ce, "Ka dawo, wannan." Ya sa ƙafa ya tura maigidana ya faɗi bayan duwatsun.

Ya tashi da hannu da gwiwa, sannan ya miƙe. Ya juyo. Tsakaninmu bai fi jifa ba. Na ɗauka zai yi wa Inna magana, ita ma ta ɗago tana kallonsa, yanzu ba ta kau da kai. Amma ni ya duba.

"Ki ce mata kada ta sa abin a ranta. Ki kai ta wurin maɗori yau, kada hannun ya kwana. In ruwa ya sauka a fara da gonar tudu."

Na ce, "In biyo ka?"

Ya ce, "Ki bar ta da wa?"

Kawunsa ya fito daga inuwa ya tare shi ya rufa masa riga. Muka tsaya har suka shige cikin kukoki.

Maɗori ya ja hannun Inna ya ɗaure da karare. Ba ta yi ko ƙara ba. Tun daga ranar kuma bakinta ya buɗe da abin da ya ƙi fita a gindin tsamiya. Duk wanda ya shigo yi mata sannu, kafin ya zauna za ta ce, "Ɗana ne fa. Ni na haife shi, a ɗakin nan, ranar wata Alhamis." Mata su ce, "Mun sani, Inna, wa bai sani ba?" Ta ce, "A'a, ku dai ji." Tana faɗa wa mai tallan nono, tana faɗa wa jar saniya. In ta idar da salla sai ta juya kudu ta kira sunansa a hankali. Wasu suka ce ta taɓu. Ni ban ga haka ba, hankalinta garau yake kan komai.

Na shuka gonar tudu da taimakon maƙwabta. Labari yakan zo mana ta bakin makiyaya cewa ya warke, sai dai kafaɗar ba ta ɗaguwa sama. Sai da Nasaran suka shirya tsakaninsu aka buɗe hanya ya dawo, babu wanda ya tambaye shi takarda, kamar ba a taɓa yin dokar ba. Ya tarar da gero a rumbu. Bai tarar da Inna ba, ta rasu da damina kafin nan. Allah ya jiƙanta, ya sa ciwon da ta sha ya zama kaffara.

Amma wannan duk yana gaba. A kwanakin farkon nan, yarinyar ta daina magana. Ba ta wasa, ba ta zuwa wajen rumbu, ko fura sai an matsa mata. Saboda hannun Inna aka dawo da ita ɗakina, karon farko tun yaye. Ban san yadda zan yi da ita ba. Nakan shimfiɗa mata tabarma can gefe in ce, "Ke, kwanta." Nakan so in jawo ta jikina, sai in ji kamar duk garin yana leƙe ta ƙofa.

Wata safiya ina tsugune ina wanke tsumman da ake ɗaure wa Inna hannu, na ji ta zo ta tsaya a bayana. Ta daɗe a tsaye. Ban juya ba, na ci gaba da cuɗa, na ce, "Ke, mene ne?"

Ta zagayo ta gabana ta tsuguna, ta leƙo fuskata ta ƙasa yadda ba ni da inda zan kau da kai.

"Yaya, in masu jar hula suka dawo suka tambaye ki ni, me za ki ce musu?"